Baba a Gaban Jakin Dawa

Gutu, Zimbabwe, 18 ga Disamba

Zuwa ga ƙanwata Shingirai,

Bayan gaisuwa, da fatan kina lafiya ke da mijinki. Mu nan lafiya, ruwa ya sauka, masara ta kai gwiwa.

Na zaɓi in rubuta a takarda in turo miki hotonta, domin idan na kira ki zan faɗi abin da ba a faɗa wa 'yar'uwa. Ranar Lahadi da aka tashi daga coci, matar fasto ta miƙo mini wayarta tana toshe baki. Me zan gani? Mahaifinmu, mai shekara saba'in da takwas, tsaye cikin ƙanƙara a gidan zu, ba hula ba kwat, yana yi wa jakin dawa tafi, Turawa sun kewaye shi suna ɗauka. A ƙasa an rubuta wai "tsoho mai barkwanci". Mutum dubu arba'in sun kalla. Ni shugaban makaranta ne, kuma malamaina duk sun gani.

Mutumin da ya shekara talatin yana raba gardama a ƙauyen nan, shi kika mayar abin dariya. Kin fi kowa sanin jakin dawa dabbar zuriyarmu ce, ba ma cin namansa, ba ma wasa da sunansa. Amma kika ɗauki Baba kika kai shi ya gan shi a killace kamar akuya. Hutun wata uku na ba ki shi, ban ba ki shi don wasan kwaikwayo ba.

Ki sa shi a jirgi kafin sabuwar shekara. Ba shawara nake ba ki ba.

Ki gaida Baba.
Yayanki, Tichaona

Leeds, Ingila, 19 ga Disamba

Yaya,

Na gaishe ka, tunda haka aka koya mana. Na ga takardarka, har da jan layi a ƙarƙashin "ba shawara", sai ka ce 'yar ajinka ce ni.

Kai minti ɗaya ka kalla, ni kuwa na yi yinin, don haka zauna ka ji. Tun da Baba ya sauka bai kira sunana ba ko sau ɗaya. "Yarinya" yake ce mini, wata rana kuma sunan Mama. Na tsinci takalminsa a firij sau biyu. Ranar Asabar na ce mu fita gidan zu ya sha iska, mutum ya yi sati uku yana kallon bango. Ya wuce zaki, ya wuce giwa, ko ɗaga kai bai yi ba. Muna zuwa wurin jakunan dawa sai ya tsaya cak. Guda ɗaya ne a waje, yana bakin rumfa, tururi na fita daga hancinsa. Baba ya cire hula, ya fara tafi irin wanda muke gaida manya da shi, ya kamo kirarin gidanmu tun daga tushe. Bai tsallake kaka ko ɗaya ba, har da waɗanda kai kake tuntuɓe a kansu ranar biki.

Sai ya juyo ya ce, "Shingirai, kina tsaye an bar kakanki a waje ba bargo?" Sunana fa, Yaya. Kafin in dawo hayyacina ya tuɓe kwat ya wurga ta saman shinge. Wata ma'aikaciya ta rugo tana cewa, "Yallaɓai, ba a jefa komai ciki!" Ya dube ta sama da ƙasa ya ce da yarenmu, "Ke 'yar gidan wa ce? A gidanku haka ake saukar baƙo?" Ina kuka ina dariya, ina zan ga mai ɗauka?

Abin da ba a nuna maka a coci ba shi ne na yamma. Nan ƙarfe huɗu duhu ya yi, sai suka kunna fitilun ado. Itatuwa suka koma ja da ruwan ɗorawa, yara na ta ihun murna. Baba ya fizge hannunsa ya faɗa cikin jama'a yana cewa, "Gobara! Ku kwance shanu! Ku karyo ganye!" Minti ashirin ina kwala masa kira. Na same shi yana dukan fitila da reshe, hannunsa na jini, wandonsa a jiƙe. Ya kalle ni bai san ni ba.

Ranar Litinin na kai shi asibiti. Likita ta ce ciwon mantuwa ne, kuma ba bana ya fara ba. Shekara goma sha ɗaya ina wanke iyayen wasu a gidan tsofaffi, ba zan kasa nawa ba. Na fara nema masa takardun zama. Ba inda zai je.

Ka gaida matarka da masararka.
Shingirai

Gutu, 22 ga Disamba

Shingirai,

Ina gaisuwa. Rashin kunyarki ba sabo ba ne, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Lafiya lau Baba ya bar gidan nan, da ƙafarsa ya hau mota. Sanyinku da duhunku ne suka juya masa kai. Wa zai ƙi ruɗewa a ƙasar da rana ke faɗuwa ƙarfe huɗu, kuma ake kunna wa itace wuta don nishaɗi? Likitar taku ta san shi ne? Ta taɓa jin ya yanke hukunci a gindin bishiya? Minti goma ta gan shi ta liƙa masa ciwo, ke kuma kika amsa don kina son riƙe shi.

Kabarin Mama yana nan, wurinsa yana gefenta. Idan wani abu ya same shi a can, da wane baki zan yi wa dangi bayani? Ni ne babba, ni za a tambaya. Na kira taron baffanni ranar ashirin da takwas. Sai ki gaya musu "ba inda zai je" in ji ko za ki iya.

Yayanki, Tichaona

Leeds, 24 ga Disamba

Yaya,

Gaisuwa. Kira su duka, har da masu zuwa don naman taro.

Jiya na ce wa Baba zan aika saƙo gida, ya ce shi ma yana da magana. Na ba shi biro da takarda, ya yi awa guda a kai. Ga ta nan na kwafe maka, ban taɓa ko harafi ɗaya ba.

"Zuwa ga ƙanena Jefta. Ina gaishe ka da iyali. Ina wani gari mai sanyi. Wata mata ce ke riƙe da ni, tana da kirki, tuwonta ba gudaji, amma ban san 'yar wa ba ce. Idan na dawo, don Allah ka daina kulle ni a ɗaki in za ka tafi makaranta. Ba zan ƙara fita ba. Ina bubbuga ƙofa ba mai ji, kuma bokitin nan yana wari. Yayanka."

Baffa Jefta ya rasu ina aji uku, kuma manomi ne, bai taɓa koyar da kowa ba. To wane ne mai tafiya makaranta ya bar shi da bokiti? Lafiya lau ya bar gida, ko? Ka karanta wa baffanni wannan takardar da ƙarfi, da muryarka ta shugaban makaranta.

Shingirai

Gutu, 27 ga Disamba

Ƙanwata,

Na gaishe ki. Na soke taron.

Ni ne. Sau uku ana tsinto shi a bakin rafi yana neman shanun da aka sayar tuntuni, sai na sayi kwaɗo. Da kika ce ya zo hutu ban gaya miki ba, don kada ki fasa.

Kada ki sa shi a jirgi. Idan ya sake rubuta wa Jefta, ki turo mini in ba shi amsa. Shekara biyu ke nan yana kirana da sunan, ina amsawa.

Ki huta lafiya.
Tichaona