Minti Biyar a Kan Mumbari Don Kaka

Zuwa ga Mai Daraja, Uwar Masu Ƙorafi, Rijiyar Hikima da Guga Bai Taɓa Taɓo Ƙasanta Ba, Mai Share Hawayen da Ba Ita Ta Jawo Ba,

Bayan gaisuwa irin wadda ake miƙawa da hannu biyu, ina roƙon agajinki kafin Lahadin ƙarshen wata, don kada in aikata abin da zuriyarmu za ta daɗe tana sunkuyar da kai in an ambace shi.

Ni jika ne ga wata baiwar Allah da ta rasu bara tana da shekara casa'in da huɗu. 'Ya'ya bakwai ta haifa, ta binne uku, cikinsu har da autarta, mahaifiyata. Tun ina shekara tara na dawo hannunta. Ta yi ɗinki da keken ƙafa har idonta ya daina ganin kafar allura, kuma shekara sittin tana zama a benci na uku ta gefen taga a majami'a, wurin da ko fasto bai isa ya ba baƙo ba. Kullum da safe sai ta jera sunan kowa a addu'a, 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne, har da maƙwabcin da awakinsa suka cinye mata shuka. Ni takan bar ni a ƙarshe, wai ni mijinta ne, kuma mijin da ba ya kawo cefane ba ya shiga gaba.

A shekara shidan ƙarshe, da ƙafafunta suka ƙi, ni na zama ƙafar. Ni na koyi juya ta ba tare da na fama mata ƙugu ba. Ni ke murƙushe ƙwayar magani a cokali, ni ke yanke mata farce, ni ke karanta mata Zabura da ƙarfi don kunnen hagu ya riga ta tafiya. In na tsallake aya don sauri, sai ta maka mini mafici, ta kawo ayar da ka. Na ƙi aikin da aka ba ni a wani gari saboda ita. Wadda nake nema kuma ta gaji da jira, ta auri mai gyaran fanka, ina jin yanzu iska na kaɗa ta yadda ya kamata.

'Ya'yanta huɗu da ke raye kuwa, Allah ya ƙara wa wayoyinsu lafiya. Babban kawuna sau biyu ya zo a shekara shida, duka biyun bai zauna ba, wai iskar ɗakin tana tayar masa da mura. Amma ranar jana'iza shi ya hau mumbari da farin hankici, ya shaida wa duniya cewa Mama ta cika tana riƙe da hannun 'ya'yanta. Ya Mai Daraja, hannun nan nawa ne. Yana faɗar haka ina can baya, an sa ni ƙaro kujeru.

Yanzu za a yi sujadar cika shekara. An ba jikoki minti biyar, aka ce ni zan wakilce su tunda na iya surutu. Na rubuta jawabi shafi huɗu. A ciki na faɗi ranar da kowa ya zo, da ranakun da ta sa na ɗaura mata sabon kallabi ta zauna a ƙofa tana jiran motar da ba ta iso ba. Na karanta wa madubi sau uku, kuma madubi ya goyi bayana.

Sai dai in zan sauke manyan kalmomi in faɗi gaskiya, ba jawabin ne ya kawo ni ba. Kawu ya turo samfurin littafin sujadar ta waya. Hoton bangon, wanda aka ɗauke mu ne ni da ita a ƙofar majami'a, ina tallabe da ita. An datse ni. Abin da ya rage nawa yatsu uku ne a kafaɗarta. Buƙatata ita ce: ta yaya zan sa a mayar da ni? Ban nemi duk fuska ba. Ko kunne ɗaya aka ƙara mini, zan yaga jawabin.

Naki cikin ladabi,
Jikan da Aka Datse

Ɗana,

Na karɓi kirarin, na ajiye shi gefe, domin a ƙarƙashinsa na ga maraya sau biyu yana dariya don kada ya yi kuka. Allah ya ba kakarka hutawa.

Kana da gaskiya. An yi maka ba daidai ba ranar jana'iza, kuma hoton nan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka dubi ɗaya gefen. A irin wannan littafi fuskar mamaci kaɗai aka saba sawa, mai yiwuwa abin da aka ce wa mai bugawa ke nan, ba tare da an tuna da kai ba. Akwai kuma 'ya'yan da ba sa iya kallon uwarsu tana ƙarewa, sai su gudu, daga baya kunya ta sa su ɗaga murya fiye da kowa. Ban wanke kawunka ba. Ina faɗa maka ne cewa wanda kunya ke ci, in ka tsare shi a gaban jama'a, musu zai yi.

Kada ka karanta jawabin nan. Tsofaffin majami'arku sun san wanda yake kawo ta kowace Lahadi, ba sa buƙatar shafi huɗu. In ka karanta, za a watse ana zancenka da kawunka, ita kuwa a manta da ita a ranarta. Kada kuma ka yi ciniki da shi, wai kunne a bakin shirunka. Hidimarka ta fi ƙarfin haka.

Ka kira kawunka shi kaɗai, yau, kafin a buga. Ban da wasa, ban da manyan kalmomi. Ka ce masa: Kawu, ni ne a hoton nan, kuma yankewar ta yi mini ciwo, a bar mata bangon, a sa cikakken hoton a shafin ciki. In ya ƙi, ka wanko shi da kanka ka rataye a ɗakinka. Sauran maganar ka faɗa masa a ɗaki bayan sujada, gaban innarka ɗaya da yake jin nauyinta. Kada ka sa rai zai ba ka haƙuri, da yawa ba sa bayarwa.

Minti biyar ɗin nan kuwa nata ne. Ka ba su labarinta yadda ka ba ni, ka sa su dariya, ka sauko. Sannan ka fita neman aiki, rayuwarka ta daɗe tana jiranka. Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka wanda zai riƙe ka ranar da naka ƙafafun suka gaji.