Ranar da Koci Ya Hidda Ni Fili

Daga Warra

Zuwa ga Koci Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya kai da Inna Kulu. Wayata ta faɗa ruwa, shi ya sa na ba direban motar Yelwa takardar ga.

Koci, wallahi ka cuce ni, kuma ba zan ɓoye ba. Kai ka gan ni bakin ruwa ina sauke kwandunan kifi, ka bi Baba har gida kana roƙo ya bar ni in koyi wasan ƙwallon zari-ruga. Sai da mutanen gari suka gaji da dariya, wai ɗiyar masunci ta koma kokawa da wando. Na haƙura. Duk Asabar ina hanyar Yelwa.

To ranar da masu zaɓen 'yan wasan ƙasa suka zo Birnin Kebbi fa? Karo ɗaya na yi, kaina ya bugu, na miƙe da ƙafafuna. Ka shigo fili ka ce, "Bara'atu, wane gari muke?" Na ce Warra. Shi ke nan laifina! Ka hidda ni a gaban kowa, ina roƙonka ka ƙi ko dubana. Suka ɗauki Miracle, wadda ni na koya mata riƙon ƙwallo. Ba na mata baƙin ciki, amma wurina ne.

Ga rigarku nan cikin leda. Na koma ƙyafe kifi wurin Innata, kifi dai ba ya tambayar mutum sunan gari.

Ka huta lafiya.
Bara'atu

Daga Yelwa

Ɗiyata Bara'atu,

Wa alaikumus salam. Ya Babanki da ruwa? Takardarki ta iso, har yanzu hannuna na zafi. Wannan baki naki, da a fili kike sa shi da kin ci Legas ke kaɗai.

Ki ji. A zamaninmu, in aka buge ka a kai, ruwa ake watsa maka, a ce namiji ba ya fita daga fili. Na yi wasa a Kaduna ina ganin ƙwallo biyu, na kama ɗaya, mutane suna tafi. An yi mini haka ba adadi, kuma lokacin ina jin daɗin kirarin. Ke ba za a yi miki ba ina tsaye. Masu zaɓe za su dawo, shi kuwa kai ba a sayar da shi a kasuwar Yelwa.

Rigar tana nan, ban ba kowa ba. Ki yi fushinki ki gama. Ya Babanki da ruwa? Ki gaishe shi.

Naki,
Shu'aibu

Daga Yelwa

Bara'atu,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Kulu ce, matar Kocinku. Bai san na rubuto ba.

Damina ta wuce ba ki amsa mishi ba, ni kuma na gaji da rufin asirin da ba ya rufuwa. Malam ba shi da lafiya. Tun kafin tafiyarku Birnin Kebbi likita ya gaya mishi bugun da kansa ya sha a wasa ne ke cin tunaninsa, kuma ba ya warkewa. Ya hana ni faɗa, wai kada iyaye su janye 'ya'yansu.

Wancan makon ya fita sayen albasa, sai bayan la'asar ɗan kabu-kabu ya kawo shi, ya tsince shi bakin tasha yana tambayar hanyar gidansa. Gidan da ya gina da hannunsa! Na shiga ɗaki na yi kuka har na gode Allah. A fili yana kiran yaran da sunayen abokan wasansa na da, Peter, Sahabi, su kuma bayin Allah sai su amsa. Sun ragu ƙwarai.

Sunanki dai bai ɓace ba tukuna. Duk Asabar sai ya ce, "Motar Warra ba ta iso ba?" Ban san har yaushe zai riƙe shi ba. In za ki zo, ki zo yanzu, kada ki jira zuciya ta huce. Don Allah, ɗiyata.

Ki gai da Innarki.
Kulu

Daga Warra

Inna Kulu,

Assalamu alaikum. Ki yafe mini, jiya na fita ban yi miki sallama ba, kuka ne ya ci ƙarfina. Na san na makara. Takardarki ta daɗe a ƙasan filona ina jin kunyar zuwa.

Da kika shiga kawo ruwa, na durƙusa na ce, "Koci, ni ce, ka yafe mini." Ya daɗe yana kallona. Ya ce in miƙe tsaye. Ya dubi kafaɗuna, ya dubi hannuwana, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Yarinya, ɗiyar wa ce ke? Kin taɓa jin wani wasa zari-ruga? Ki zo ranar Asabar. Ni zan je in roƙi babanki."

Na ce mishi to.

Ki gaya wa sauran yaran ina tafe.

Ɗiyarki,
Bara'atu