Ɗaki Ɗaya ko Biyu a Jirgin Aswan

Mansura, 6 ga Janairu

Yayana Midhat,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Su'ad da jikoki. Yaya gwiwar? Allah ya sa sanyin Bur Sa'id bai tayar maka da ita ba.

Ɗanka Hazim ya jefa mu cikin wani aiki. Daga Kuwait ya bugo waya wai tunda ni da ubansa mun cika shekara arba'in da aure, lallai mu hau jirgin ruwa na shaƙatawa daga Luksor zuwa Aswan. Ya haɗa mu da wata Madam Nermin mai ofishin shirya tafiye-tafiye.

Yaya, na shiga ofishin nan da hankalina, na fito ba shi. Ta baje min hotunan jirage tara, ni kuwa duk iri ɗaya nake ganinsu. Wai kwana uku ko huɗu, hawan sama ko na ƙasa, taga mai buɗewa ko marar buɗewa. Na ce mata, "'Yata, kogin nan kullum ina ganinsa in na je shanya, ki zaɓa min wanda ba ya nutsewa kawai." Maigidana Fikri kuwa tambayarsa ɗaya, ko ana ba da wake da safe.

Mun tsaya a kan kwana huɗu. Amma ka san ba sa haɗa mace da namiji a ɗaki sai katin shaida ya nuna auren, nawa kuma ya daɗe da mutuwa a jaka. Gobe zan je a sabunta. Abin da ban gane ba, tun da aka ambaci katin Fikri ya ce shi jirgi na sa shi jiri. Mutumin da ya tashi a kwalekwalen ubansa.

Ka gaida kowa.

Ƙanwarka,
Awatif

Mansura, 11 ga Janairu

Yayana Midhat,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata saƙona ya same ka lafiya. Ni dai jikina lafiya, kaina ne ban sani ba.

Na je ofishin katin. Ma'aikaciyar ta duba na'urarta, ta dube ni, ta ce, "Hajiya, ke fa sakakkiya ce a nan." Na yi dariya na ce ta goge tabarau. Ta juyo min da allon. Sunana, sunan Baba, sunan Fikri, da ranar sakin, shekara ashirin da uku da suka wuce. Wai tsofaffin takardu ne aka shigar daga baya.

Na dawo gida na ajiye takardar kusa da shayin Fikri. Bai musa ba. Ka tuna lokacin da muka yi rigima kan sayar da gonar uwarsa, na yi yaji na sati biyu a gidan Baba a Talkha? Ashe cikin fushi ya tafi wurin ma'azun, mai rubuta aure da saki, ya sa hannu. Kwana uku da yin haka ya yi nadama, ya yi kome da bakinsa tun ina cikin idda, ya zo biko da kwalin kek ɗin basbusa. Komen ne bai koma ya rubuta ba, wai kunyar ma'azun yake ji, daga baya kuma tsorona.

Liman ya ce a wurin Allah aurena na nan daram. Hukuma ta ce babu shi. Madam Nermin ta ce ita dai takarda take bi, in babu sai ɗaki biyu. Jiya Fikri ya shigo kicin, sai na tsinci hannuna yana neman mayafi. Na tsaya da shi a hannu ban san ko in rufe kaina ko in ajiye ba.

Ban faɗa wa Hazim ba. Kullum sai ya bugo yana tambaya ko na sayi hular rana.

Ka yi min addu'a.

Ƙanwarka,
Awatif

Mansura, 15 ga Janairu

Yaya Midhat,

Ina gaishe ka, don gaisuwa ba ta faɗuwa ko da rai a ɓace yake. Ina fata kana lafiya.

Na ga amsarka, layi uku, wai in yi haƙuri abin da ya wuce ya wuce. Ban ga mamaki a cikinta ba ko kaɗan, shi ya sa na koma wurin ma'azun. Ɗan wancan tsohon ne yanzu a kujerar. Ya ciro kundin ya nuna min cewa an aiko min da sanarwar sakin gidan Baba, an kuma karɓa. Na san sa hannunka, Yaya, kai ka koya min rubutu.

Na kwana biyu ina neman fushin da zan yi da kai, ya ƙi tsayawa wuri ɗaya. Da ka miƙa min takardar nan a lokacin, da ban koma ba, ka san halina. Da Hazim ya tashi tsakanin gida biyu, da ban ga shekarun nan ashirin da uku ba, kuma mafi yawansu masu daɗi ne. To in gode maka ne, ko in daina yi maka magana? Ku biyu kuka zauna kuka yanke min rayuwa, ni ina can ina soya muku kifi.

Ma'azun ya ce gyaran ba wuya: sabuwar takarda, shaidu biyu, da ni in ce na yarda. Wancan karon, a ɗaurin aurenmu na farko, ban san Fikri ba na amsa da sauri. Yanzu na san shi ciki da bai, har tarinsa ina ganewa daga ƙasan bene, amma bakina ya yi nauyi. Shi kuwa ya rame. Ɗazu ya ce, "Ummu Hazim, in ɗaki biyun ne, ki roƙi Madam Nermin ta sa su kusa da juna." Na shiga bayi na yi kuka, ban san ko na tausayi ne ko na haushi ba.

Madam Nermin ta ba ni zuwa azahar ɗin Alhamis in faɗa mata ɗaya ko biyu, in ba haka ba za ta ba wasu gurbin. Ka taso da motar safe, ka same mu wurin ma'azun ƙarfe goma. In na ce na yarda, kai ne waliyyina. In ban ce ba, kai za ka ɗaukar min jaka zuwa Talkha. Kada ka bugo ka tambaye ni wanne ne, wallahi ni ma ban sani ba.

Ƙanwarka duk da haka,
Awatif