Gidana da Aka Gina a Filin Alhaji Sumana

Zuwa ga mai girma shugaban ofishin da ke riƙe da takardun filayen unguwarmu, can bayan Bobiel, a birnin Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali da ma'aikatanka. Sunana Rakiya Isufu, 'yar Damagaram, malamar lakwal, wato makarantar boko. Ina rubuto maka a bainar jama'a, don murna ta cika ni, haushin ofishinka kuma bai sake ni ba.

Na sayi fili a unguwar nan tun tana daji, lokacin ina koyarwa a Tawa. Kamar yadda kowa ke yi a Yamai, na sa mai gadi, wani dattijo da ake kira Baba Hima, ya kafa bukkar zana a ciki don kada wani ya wayi gari ya ce nasa ne. Filina fetal yake, ko inuwar da akuya za ta raɓa babu. Na maƙwabcina kuwa yana da ƙaton gawo. Da zafin bazara ya matsa, sai Baba Hima ya naɗe zanarsa ya koma gindin gawon, bai gaya wa kowa ba, don shi a ganinsa ba wani abu ba ne. Rairayi kuma ya riga ya binne duwatsun iyaka. Da maso, wato magini, ya zo fara gini, ya nemi bukkar mai gadina, ya same ta, ya kama haƙa. Ranka ya daɗe, ɗaki uku da falo, gumin aikina gaba ɗaya, sai ga su tsaye cak a filin mutum!

Mutumin shi ne Alhaji Sumana, mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa. Ranar da ya je duba filinsa ya tarar da gida har da fenti, ya sa aka nemo ni. Na iso Yamai ba shiri, don na san yana da ikon cewa a rushe. Ya zagaya gidan, ya leƙa ɗakuna, ya yi dariya har da tari, ya ce, "Madam, kin iya zaɓen wuri! Riƙe wannan, ni in ɗauki naki. Amma fa ina da rabo a inuwar gawo." Filayen girmansu ɗaya, a layi ɗaya suke. Muka je wurin notar, mai tabbatar da yarjejeniya a hukumance, muka sa hannu, muka kawo dosiye, wato kundin takardun, ofishinka don a sauya sunaye a takardun biyu. Daga nan ƙorafina ya fara.

Na farko, ma'aikacin da ya karɓi dosiyen ya jujjuya shi, ya ce shi sayarwa da gado ya sani, musanya kuwa sai ya tambayi na sama. Na sama ya ce sai mai awon filaye ya je ya gani. Mai awo kuma kullum yana wata unguwa. Na yi ta safa da marwa har masu shayin bakin ƙofarku suka fara tambayata ko an ɗauke ni aiki a nan.

Na biyu, ana cikin wannan jan ƙafa ciwo ya kwantar da Alhaji, Allah Ya karɓi abinSa. Na koma ofishinka da jajayen idanu, aka ce mini ai mamaci ba ya musanya, a sake sabon lale da magada. Ya shugaba, da ransa da lafiyarsa ya sa hannu. A teburinku takardar ta tsufa.

Na uku shi ne abin murnar, kuma shi ya sa na kasa zama. Ashe kafin ya cika, Alhaji ya kira limamin unguwarsu da shaidu, ya bar wasiyya cewa filin da ke da gida ba nasa ba ne, kada a ƙirga shi cikin gado. Jiya magada suka taru, aka kira ni. Babban ɗansa Bubakar, wanda ya zo daga Kwatano, ya fara cewa takarda dai sunan ubansa take ɗauke da shi. Sai Hajiya Hamsatu, matar marigayi, ta ɗaga murya daga ɗakin takaba ta ce, "Bubakar, ubanka ya gama magana. Kai kake so ka ɗora masa ginin 'yar mutane a kabari?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Malama, gidanki ne." Wallahi na yi guɗa a gidan makoki kafin in tuna inda nake, Hajiya da kanta ta yi dariya cikin hawaye!

Sai dai ba a gama ba. Da Hajiya ta fita takaba za a raba gado, kuma cikin magadan akwai ƙananan yara. Masu rabo sun faɗa mini gaskiya: dukiyar maraya ba a barin ta da fatar baki, abin da takarda ta nuna za su bi. Idan ranar ta zo sunan Alhaji yana kan filin, gidana ya shiga kaso.

Saboda haka ina roƙonka ka fito da dosiyen nan ka duba ranar da aka sa masa hannu. Ka tura mai awo, ni zan tsaya in nuna masa hanya. Ka buga hatimi a takardun biyu kafin ranar rabo, marayu su san filinsu, ni ma in san nawa. Liman da shaidu sun ce duk lokacin da ka kira su za su zo.

Mutumin da aka yi wa gini a ƙasarsa ya yafe, ya kuma jaddada yana kan gadon mutuwa, matarsa da 'ya'yansa sun bi bayansa. Ofishinka ba a ci masa ko taku ɗaya ba, kada ya zama shi ne zai raba ni da gidana.

Allah Ya jiƙan Alhaji Sumana, Ya yi maka jagora a wannan kujera, Ya sa hannunka ya zama sanadin kwanciyar hankalin gidaje biyu.

Wassalam.

Rakiya Isufu, Yamai.