Mazon da Ke Cikin Kwalba

Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ya aikin jarida?

Mantuwar Baba ta ƙaru. Jiya da na kai masa shayi, "baiwar Allah" ya kira ni. Amma bai manta mazon da ya yi kiwo a gidan namun daji ba, wanda ya mutu a keji shekarar da Baba ya yi ritaya. Ya tsinci jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a shukar bakin taga, ya sa a kwalba, wai mazonsa ne ya rame. Kullum sai ya tsinko masa ganye. Tun ranar Baba yake cinye abincinsa.

Yaushe za ka zo?

Yayarka ta gaishe ka, in ji masu iya magana. Ni ce,
Yaya

*

Yaya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Na duba littafi. Ɗigon mazo fari ne, na ƙwaron baƙi. Mazo ƙafa huɗu, shi shida. Abin damuwar shi ne, mazo ganye yake ci, wannan kuwa ƙananan ƙwarin da ke tsotsar ganye ne abincinsa. A kwalba yunwa za ta kashe shi, Baba ya sake binne mazo. Ki mayar da shi kan shukar.

Zuwa sai aiki ya lafa.

Ƙaninki

*

Malam mai gyaran rubutu,

Salamu alaikum. Na bi umarni. A gaban Baba na buɗe murfin. Ƙwaron ya hau yatsansa, ya tsaya, ya buɗe fukafukai, ya fice ta taga. Littafin bai ce yana tashi ba?

Baba bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, "Ashe ya samu hanya." Ya wanke kwalbar, ya kife, kamar yadda yake yi wa kwanon keji. Tun daga nan loma ba ta shiga bakinsa ba, wai ba a ci kafin dabba ta ci.

Ya tambayi wanda ya ce a buɗe. Na ce ɗansa. Ya ce, "Ina da ɗa?"

Ka huta lafiya.
Yaya

*

Yaya,

Salama. Ina hanya. Kada ki ce masa ɗansa ne. Ki ce sabon ma'aikaci aka turo, bai san komai a kan mazo ba, a koya masa.

Auta