Takalmin Hagu

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kun sauka lafiya kun fara sabawa da sabon wuri. Yaya 'yan biyu, tarin ƙaramar ya lafa? Yaya mijinki Katanga da ciwon bayan nan nasa? Mu nan lafiya, sai godiya.

Rubutu na zaɓa saboda a waya ba na iya ƙarasa magana tun rasuwar maigidana Malam, kin sani. Direban motar kaya ya ce duk mako yana bi ta wajenku, shi zan riƙa ba.

Ba ki je bankwanan da aka yi wa mijinki a filin ƙwallo ba, kina gida kina ɗaure kwalaye, to ga yadda aka yi. A hutun rabin lokaci aka kira shi tsakiya. Shugaban ƙungiya ya miƙa masa riga a cikin gilashi, ya yi jawabi, lasifika ta ƙi aiki. Rabin 'yan kallo sun tashi neman ruwa. Wani daga can sama ya ce a haɗa masa da sandar dogarawa, aka yi dariya, shi ma ya yi. Shekara goma sha shida yana tsare musu baya, a minti huɗu aka gama. Ban yi kuka ba. Hankalina yana kan tawul ɗin da na bari a injin wanki.

Ina nan ina yi wa ƙungiya wankina. An ba wani sabo riga mai lamba biyar. Takan dawo mini kusan yadda na ba da ita, sai gumi. Ta Katanga kuwa ko a cikin tarin riguna ina gane ta ba sai na duba lamba ba. Gefen hagu kore shar da ciyawa, daga kafaɗa har ƙugu, don ta nan yake zamewa ya ƙwace ƙwallo. Sai dai in faɗa miki gaskiya, tun bayan rasuwar Malam tasa ma ta daina zuwa da koren. Na lura. Kowa ya ce tsufa ne, ni ma na ce tsufa ne.

Jiya aka ce in kwashe kayan Malam daga kabad ɗin ɗakin kaya, wanda ya gaje shi wajen kula da takalma yana son wurin. Wata biyar ke nan, ba zan ce sun yi gaggawa ba. Ba wasu kaya ba ne: tabarau, burushi uku, wuƙar nan tasa da ya naɗe ƙotar da zare, tsoffin takalman Katanga, da gwangwanin biskit cike da guntayen roba da ban san amfaninsu ba. Zan wanke takalman in aiko, ko don tunawa.

Kin ce wata uku sabuwar ƙungiyar ta ba shi na gwaji, in koci ya gamsu a bar shi ya ƙarasa kakar wasa. Mutum mai shekara talatin da shida ana gwada shi kamar ɗan makaranta. Allah ya sa a dace.

Ki gaishe shi, ki shafa mini kan yara.

Yayarki.

*

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gida, yaya yara, yaya haƙuri da baƙunta? Wasiƙarki ta iso. Na ji wasa uku ya yi a benci, na huɗu aka sa shi minti ashirin aka cire, kuma da safe ke kike ɗaura masa igiyar takalmi don ba ya iya sunkuyawa. Na ji saura wasa huɗu wa'adin ya cika.

Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ranar Asabar na zauna wanke tsoffin takalman nan. Da na jiƙa na hagu sai shimfiɗar cikinsa ta ɗago. A ƙarƙashinta akwai roba manne da gam, daidai wurin diddige, mai kauri ta baya, siririya ta gaba kamar harshe. Na ɓare na dama, babu komai. Sai na ɗauko gwangwanin na zazzage a kan tabarma. Irinta ce, guda tara, an yanka su daga tsoffin silifa. Ɗaya ma silifata ce shuɗiya da na yi wata guda ina zargin matar maƙwabci a kanta. A ƙasan gwangwanin akwai kwali da zanen tafin ƙafa, da rubutun Malam: hagu, faɗin ƙaramin yatsa.

Kin tuna shekarar da ya karye, shekara goma sha ɗaya ke nan? A falona yake zaune da ƙafar a ɗaure ya ce in ba ta dawo daidai da 'yar'uwarta ba, ya bar ƙwallo, ba zai bari a riƙa sa shi wasa don tausayi ba. Malam ne ya riƙa kai shi wajen likitan ƙashi. Abin da likita ya faɗa wa Malam a bakin ƙofa ban sani ba, amma ga kwali ya faɗa mini. Ƙafar ta warke, ta rage tsawo.

Kowace Alhamis Malam yakan shigo gida da warin takalmi a leda, ya zauna a bakin ƙofa ya juya mini baya. Nakan tsokane shi in ce yaushe ƙungiyarku ta sayo ɗan wasa mai ƙafa ɗaya. Sai ya ce in je in duba tukunyata. Kuma kin san mijinki, ba ya taɓa takalminsa sai lokacin sawa, ba ya yarda kowa ya taɓa sai Baba Mai Kaya, kamar yadda yake kiran Malam. Da Malam ya tafi, sababbi aka ba shi daga kwali. A makon ne ciwon bayan ya fara.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. A asibiti, kwana biyu kafin cikawarsa, ya riƙe hannuna ya ce, "Ƙafar hagu. Kada ya sani. In ya sani zai riƙa tunanin ƙafar, ba zai ƙara shiga ƙwallo da zuciya ɗaya ba." Na ɗauka zafin zazzaɓi ne. Na ce masa to, na yi alkawari, don ya samu ya huta. Ban san alkawarin mene ne na ɗauka ba.

Ga roba biyu cikin ambulan. Ki ɗaga shimfiɗar takalminsa na hagu, ki sa mai kaurin ta wajen diddige, gam kaɗan, ki mayar ki danna da gindin kwalba. Ki tabbata na hagu ne, ki ajiye takalman suna kallon inda kike kallo, kada ki juya su. Kada ki ce masa komai. Ta haka shi ya samu ƙafarsa, ni kuma ban saɓa wa Malam ba.

Allah ya rufa asiri. A gaida yara.

Yayarki.

*

Zuwa ga ƙanina Baban 'yan biyu,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya aiki, yaya jiki, yaya sababbin abokan wasa? Ina fatan suna girmama furfura.

Za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda shekarun nan duka tsakaninmu gaisuwa ce da miƙa riga. Matarka ce ta jawo. Na aika mata wani abu ta sa maka a takalmi a ɓoye, ta dawo mini da shi. Ta ce ita ba ta taɓa ɓoye maka komai ba, kuma in ka ɗaga takalminka ka ga matarka ta cusa wani abu a ciki, me za ka zata, a wannan lokaci da komai ya tsaya maka? Na yi fushi da ita kwana biyu. Daga baya na ga ta fi ni gaskiya, duk da ni na goye ta.

Saura maka wasa uku. Don haka zan faɗa kai tsaye, ban iya kwana-kwana ba.

Ƙafarka ta hagu ta gaza ta dama da faɗin ƙaramin yatsa tun karayar nan. Malam ya sani. Shekara goma sha ɗaya yana sa maka roba a ƙarƙashin shimfiɗar takalmi, yana canja ta in ta lotse. Kai ba ka sani ba, ni ma ban sani ba sai kwanan nan. Ga kwalin da ya zana ƙafarka, ka san rubutunsa, shi ne yake rubuta sunayenku a jikin kabad. Ga robar, ga tsohon takalminka da tasa a ciki ka gani da idonka.

Ya sa na yi masa alkawarin ba za ka sani ba. Yau na saɓa. Mako guda na yi ina juya abin. Shekara ashirin da huɗu muna tare, bai taɓa roƙona wani abu ba sai wannan, ko ƙarin gishiri ba ya nema. Amma na ga shi abin da yake so shi ne ka yi wasa. Ɓoyewar hanya ce kawai, kuma hanyar tana hannunsa, hannun kuwa babu shi. In na yi kuskure, tsakanina da shi ne, ba ruwanka.

Na san abin da ka faɗa a falona lokacin da ƙafar take ɗaure, ina wurin, ni na ɗauke kofin da ka ture. Za ka iya cewa an yaudare ka. Za ka iya cewa ashe ba ƙarfinka ba ne. Ni ban san ƙwallo ba, wanki na sani. Abin da zan iya shaida shi ne robar nan ba ta kai rabin tafin hannuna ba, kuma ba ita take faɗuwa a kan ciyawa ba. Ni na wanke jinin gwiwarka daga safa, ni na jiƙa rigarka duk ranar Lahadi. Ba wanda ya sa ka wasa don tausayi, koci huɗu aka canja ba wanda ya sani.

Tsoron Malam shi ne in ka sani za ka riƙa lallaɓa ƙafar. Wannan kai kaɗai ka san amsarsa. In ka ga dama ka sa, in ka ga dama ka jefar ka dawo gida, ba wanda zai ce ka gaza. In za ka yi fushi, ka yi da ni. Shi ka yi masa addu'a.

Allah ya zaɓa maka mafi alheri.

Yayar matarka.

*

Zuwa ga Auta,

Bayan gaisuwa, yaya kuke, yaya 'yan biyu da makaranta? Na ji daɗi da ƙaramar ta warke. Ni lafiya. Na yanke a babban yatsa, ba wani abu ba ne.

Na karanta taki sau uku. Kin ce ya karanta wasiƙata a tsaye, ya ninke, ya fita da kwalin, bai dawo ba sai bayan la'asar, kuma kwana huɗu bai ambaci sunan Malam ko nawa ba. Kada ki matsa masa. Ni ma bai rubuto mini ba, ban kuma sa rai ba. Kin ce wasan farko bayan nan bai tashi daga benci ba. Na biyu aka sa shi tun farko, ya yi minti casa'in, aka ci su ɗaya da nema, koci bai ce komai ba tukuna. To, saura ɗaya. Ba mu san abin da zai faru ba, kada ki fara kwance sauran kwalayen, kada kuma ki fara ɗaure su.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda kika rubuta a gefen takarda kamar ba komai ba. Kin ce a wannan ƙungiya ba mai wanki, kowa matarsa ce take yi, kuma rigar ta dawo da wani kore a gefe ɗaya da ya ƙi fita, kin dirza har hannunki ya yi ja. Ba ki faɗi wane gefe ba. Ba sai kin faɗa ba.

Kada ki sa mata ruwan zafi, zai kama. Ki jiƙa a ruwan sanyi, ki goga sabulun sanda a kan koren tun ta ciki, ki bar ta awa biyu, sannan ki bi da tsohon burushin haƙori a hankali. Ba zai fita duka ba. Wurin kafaɗa ba ya taɓa fita, shekara da shekaru ina fama da shi.

Da na kai nan a wasiƙarki na ajiye ta na shiga ɗaki na ɗan jima. Kusan wata takwas ke nan da rasuwar Malam, sai ranar kuka ya zo mini.

Shekaranjiya direba ya kawo mini leda, ya ce mijinki ne ya tare shi a tasha da kansa. Ba takarda a ciki. Warin takalmi ne sabo, na hagu. Direban ya yi ta ba ni haƙuri wai ko ɗayan ya faɗi a mota, na ce masa bai faɗi ba.

Robar da ta rage a gwangwani ta bushe, tana tsagewa in an lanƙwasa. Na sayo silifa. Na ɓata huɗu kafin hannuna ya gane yadda ake kwantar da wuƙar, a nan na yanke. Tabaraun Malam ya yi mini yawa, na ɗaure shi da zare ta baya. A bakin ƙofa nake zama, wurin ya fi haske, ashe shi ya sa yake zama a nan. Matar maƙwabci ta wuce ta tambaya ko na koma gyaran takalma ne, na ce ta je ta duba tukunyarta.

Ki gaya masa takalmin zai taho da direba ranar Alhamis, gam zai bushe kafin wasa. Ya dawo mini da kwalin in ya gama da shi, da ido nake aunawa.

Ki gaishe shi. Ki shafa mini kan yara.

Yayarki.