Ma'auni na Bakwai a Benen Mata

Yayana Injiniya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara. Takarda na rubuto maka don na san halinka. In waya ce, kafin in kai ƙarshen magana ka yanke hukunci, ka ce kana da taro.

Ka san aikin da malamina ya ba ni a jami'a: in zaɓi gini guda wanda aka yi hasashen zafinsa da kwamfuta kafin a gina shi, in je in auna, in ga ko hasashen ya yi daidai. Na zaɓi masallacin Juma'ar da ka zana, don in samu abin yin fariya da yayana. Na rataya ma'aunin zafi bakwai, shida a ƙasa wurin maza, ɗaya a benen mata, na bar su wata biyu.

A ƙasa kam ka ciri tuta, tsakanin lissafinka da abin da na auna bai kai digiri ɗaya ba. Amma a bene ka rubuta cewa zafi ba zai wuce talatin da uku ba ko a tsakiyar bazara. Juma'a takwas na auna. Mai sauƙi a cikinsu arba'in da ɗaya, wadda ta fi muni arba'in da shida, daidai lokacin huɗuba.

Kwamitin masallaci na jiran rahotona ƙarshen wata. Ban so ka ji a bakin wani ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa'alaikumus salam. Saƙonki ya iso. Kowa lafiya, yara suna gaishe ki.

Na yi murna da kika fara aiki da hannunki, amma akwai abin da ba a koyarwa a aji. Idan ma'auni shida suka yarda da lissafi, ɗaya ya saɓa, shi ɗayan ake tuhuma. Ko batirinsa ya yi sanyi, ko kin rataye shi inda rana ke dukansa. Ni da kaina na gwada benen nan bayan an gama gini, na samu talatin da biyu. Ki cire na bakwai, ki rubuta cewa ya samu matsala. Haka kowa ke yi.

Ki kuma tuna cewa wannan zanen ne ya sa aka ba ni masallatai huɗun da nake kai yanzu. In rahoton nan ya fita yadda kika faɗa, ba ni kaɗai zan ji kunya ba, sunan gidanmu ne. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya yi miki albarka.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa, a shafa mini kan yara.

Na bi shawararka rabi. Na sauya batir, na aro ma'auni biyu na ƙara a inuwa, na sake gwadawa Juma'ar da ta wuce. Duk ukun bakinsu ɗaya.

Na tambayi Ladan ranar da ka gwada benen. Ya ce Talata ce da hantsi, daga kai sai shi, shi ne ma ya bubbuɗe maka tagogi. Ban ga laifinka a nan ba, namiji ba ya hawa wurin mata ana salla. Laifinka shi ne ba ka tura kowa ba, ba ka tambayi kowa ba, alhali gidanmu cike yake da mata.

A kwamfutarka mata ɗari da ashirin ne, tagogi goma a buɗe, iska na shiga ta gabas tana fita ta yamma. Matan kwamfutarka masu ladabi ne, ba sa goyo, ba sa matsawa don wata ta samu wuri. Ni na ƙirga ɗari biyu da sittin, ban da yara. Tagogin yamma kuwa tun shekarar farko a rufe suke, an saka musu labule mai kauri, saboda samarin da ke zama a barandar benen maƙwabci suna hango ciki. Tsofaffi kan zo tun ƙarfe sha ɗaya don su hau matattakala a hankali kafin cunkoso, su yi awa uku a ƙarƙashin kwano. Na tambayi wata dattijuwa me ya sa ba su yi magana ba. Ta ce, "'Yar nan, ai mun saba. Kowace Juma'a sai an sauko da mutum ɗaya ko biyu an yayyafa musu ruwa. Wa za mu gaya wa? 'Yan kwamitin duk a ƙasa suke salla."

Saura abin da na yi kwana uku ina juya shi a raina. Dattijuwar nan ta gane ni. Ta kama hannuna ta nuna mini wurin Inna, sahun baya, jikin bangon yamma, taku biyu daga inda na rataye ma'aunin. Ka san Inna ta bar masallacin da ke bakin ƙofarta, ta riƙa shiga mota biyu don kawai ta yi salla a "ginin ɗana". Ka san kuma a nan ta yanke jiki ta faɗi bara, a raka'a ta biyu, kwana uku ta cika. Muka ce hawan jini ne, muka rufe maganar.

Ina jin haushinka, Yaya, ina kuma tausayinka, ban san wanne ya fi yawa ba. Amma na bakwai ba zai fita daga rahoton ba. Matan nan iyayen wasu ne, ga zafi bai wuce ba.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Salam. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa.

Na buɗe tsohon lissafin, na rufe tagogin yamma, na sa mutum ɗari biyu da sittin. Kwamfutar ta ba ni arba'in da biyar. Aikin bai kai minti biyar ba.

A da, duk Juma'a sai na kira Inna. Takan ce, "Masallaci ya yi kyau, kowa na sa maka albarka." Ba ta taɓa cewa da zafi ba, ni kuma ban taɓa tambaya ba, yabon nake kira in ji.

Na dakatar da sauran huɗun, biyu ma an riga an yi musu rufi. Ki miƙa rahoton yadda yake, ki rubuta sunana a wurin kuskuren.

Auta, na kasa cin abinci. Ke kika tsaya a benen kika ji zafin, ke kuma kika yi jinyarta a asibiti. Don girman Allah ki gaya mini gaskiya, zafin ne ya kashe ta?

Yayanki

*

Yaya,

Wa'alaikumus salam. Na miƙa jiya. Kwamiti ya rufe benen har a gyara, wannan Juma'ar a rumfa mata za su yi salla.

Na koma wurin likitan da ya duba Inna. Ya ce mai yiwuwa zafin ne, mai yiwuwa ba shi ba ne, yanzu ba wanda zai iya tabbatarwa.

Sau biyu na rubuta maka "a'a", ina yaga takardar.

Allah ya jiƙan Inna.

Ƙanwarka,
Auta